Azumin agogo da cikin ɗan Adar: jawabi ga matasa a Ibohamane

Iyayenmu da ke zaune can baya, ina gaisuwa. 'Yan uwana samari da 'yan mata, musamman ku ɗalibai da kuka zo hutu daga Tawa, Yamai, Maraɗi da Damagaram, barkanku da isowa gida.

An ce in yi magana a kan wannan azumin da ya cika wayoyinku, wanda ake yi don rage ƙiba. Na ga wani baba yana murmushi tun ban fara ba, kuma na san abin da ke ransa. A Ibohamane, tsakiyar damina, rumbu ya kai ƙasa, gero bai nuna ba, sai ga wani ya miƙe zai koya wa mutane yadda ake tsallake kalaci? Da gaskiyarka, baba. Amma a yi mini haƙuri kaɗan, domin yunwar garin nan da teɓar da 'ya'yanku suke kokawa da ita a birni 'yan gida ɗaya ne, kuma nan zan kai ku kafin in zauna.

Bari mu fara da abin da ake nufi. Ni azumin agogo nake ce masa, tunda agogo ne limaminsa. Iri biyu suka fi yawo. Na farko shi ne 16 da 8: ka kame baki awa 16, ka ci duk abin da za ka ci cikin awa 8, misali daga sha biyun rana zuwa takwas na dare. Na biyu 5 da 2: kwana biyar ka ci yadda ka saba, kwana biyu a mako ka ci ɗan kaɗan, kalori 500 ga mace, 600 ga namiji, wato kamar kashi ɗaya cikin huɗu na abin da jiki ke buƙata. Wannan na biyun wani likita ɗan jarida a Ingila, Michael Mosley, shi ya baza shi a duniya da wani shiri da ya yi a talabijin ɗin BBC a 2012, ya biyo da littafi a 2013. A duka biyun ana shan ruwa, ana shan shayi in babu sukari. Na san wani zai ce ai kakanninmu sun daɗe suna Litinin da Alhamis ba su jira Bature ba. Haka ne. Sai dai su ibada suke yi, kuma maganar niyya da lada na bar wa malamai, ba fagena ba ne. Ni a kan tsoka da kitse da jini zan tsaya.

Me ke faruwa a jiki? Hantar mutum kamar ƙaramin rumbu ce, tana ajiye sukari kimanin giram 100. In ka daina ci, jiki yana ɗiba daga nan. Bayan awa sha biyu ko fiye rumbun ya yi ƙasa, sai jiki ya ƙara juyawa ga kitse. Wannan gaskiya ne, masu bidiyo ba su yi ƙarya a nan ba. Abin da ba su cika faɗa ba shi ne kowane giram na wannan sukarin ajiya yana riƙe da ruwa kusan giram uku. Saboda haka kilo biyun da yarinya za ta gani sun sauka a makon farko, ta ɗauki hoton sikeli ta saka a WhatsApp, yawancinsu ruwa ne. Ranar da ta ci tuwo ta ƙoshi, sun dawo.

To yana aiki ko ba ya yi? An gwada, kuma an gwada da kyau. A wani bincike da aka buga a 2017, a Chicago ta Amurka an raba mutum 100 masu ƙiba. Wasu suna cin kaɗan yau su ci sosai gobe, wasu kuma suna rage abinci daidai kowace rana. Bayan shekara guda, na farko sun rage kusan kashi 6 cikin 100 na nauyinsu, na biyu kashi 5 da ɗan kai. Kusan kunnen doki. Kuma masu azumin ne suka fi gudu: 38 cikin 100 sun watsar kafin shekara, a ɗaya ɓangaren 29. A wani binciken masanan San Francisco da aka buga a 2020, an gwada 16 da 8 a kan mutum 116 tsawon mako 12. Masu azumin sun rage ƙasa da kilo ɗaya, waɗanda ke cin sau uku a rana sun rage wajen giram 700. Wata uku na kallon agogo, bambancin bai kai nauyin albasar Galmi biyu ba. Abin da ya fi damun masu binciken, wani kaso mai yawa na abin da ya sauka tsoka ce. Sannan wani da aka buga a 2022, a birnin Guangzhou na ƙasar Sin, mutum 139, shekara guda cur. Duka an rage musu abinci, amma rabi an ce su ci tsakanin takwas na safe da huɗu na yamma kawai. Masu agogo sun rage kilo 8, marasa agogo kilo 6.3, kuma da aka yi lissafi sai aka ga tazarar ba ta kai a ce agogon ne ya kawo ta ba.

Kun ga inda maganar ta dosa. Mutanen Guangzhou sun rage kilo shida zuwa takwas domin an rage abin da ke cikin kwano. Mutanen San Francisco da aka ba su agogo kawai aka bar musu kwano, ko kilo ɗaya ba su cika ba. Azumin agogo hanya ce ta cin kaɗan, kuma ga wanda ƙirga loma ke ba shi wahala, yana iya zama hanya mai sauƙi: ya san ƙarfe kaza an rufe baki, shi ke nan. Ban raina shi ba. Amma babu wani sirri a ciki da ya wuce haka.

Ai mu ma ba mu buƙatar zuwa Sin. Kowace shekara muna yin gwajin da ya fi nasu girma, wata guda, gari duka. Masana sun tattara binciken da aka yi a ƙasashe da dama a kan watan azumi, suka ga matsakaicin abin da mutum ke ragewa kilo ɗaya ne zuwa ɗaya da rabi, kuma 'yan makonni bayan sallah yawancinsa ya koma mazauninsa. Wasu ma ƙaruwa suke yi, kun san su, ba sai na nuna da yatsa ba. Ku tuna tabarmar buɗa-baki a birni: dabino, kunu da sukari, ƙosai, fanke, zoɓo mai ƙanƙara, lemun kwalba, sannan a yi sallah a dawo kan taliya da mai, bayan asham a ɗora shayi. Awa goma sha huɗu ba ci ba sha a cikin zafin Tawa, amma a awa uku an biya bashin har da riba.

Akwai wata kalma da masu bidiyon ke so, otofaji, wai jiki yana cinye ƙwayoyinsa da suka lalace, wai har an ba da kyautar Nobel a kan azumi. An ba da kyautar a 2016, ga wani Bajapane, Yoshinori Ohsumi. Amma a kan yis ya yi aikinsa, wannan da ake sa wa burodi ya kumbura, bai sa kowa azumi ba. Ta ɗaya gefen kuma, a watan Maris na 2024 labari ya zagaya cewa cin abinci cikin awa 8 yana ƙara haɗarin mutuwa da ciwon zuciya da kashi 91 cikin 100. Shi ma kada ya firgita ku: tambayar mutane aka yi me suka ci a kwana biyu kacal, aka gina sauran a kai, ba a san ko wasunsu rashin lafiya ce ta hana su ci tun farko ba. Waya tana son abin da zai sa ka zabura, ko na murna ko na tsoro.

Yanzu mu dawo gida, domin nan ne zancen ya shafe mu fiye da Bature.

Mu 'yan Adar ne. Iyayenmu mata da ke zaune a nan, da yawansu sun yi aikin furojen Keita da aka fara a 1984 bayan babban fari, da kuɗin Italiya da hannun FAO. Sun ɗauki duwatsu a ka, sun haƙa ramuka a kan fako da tsaunuka, an dasa miliyoyin itatuwa, kuma ladan aikin abinci ne daga PAM, gina ka ci. Mata ne suka fi yawa a wurin, domin maza sun tafi cin rani Najeriya da Abijan. Wasu da ciki suka yi aikin, wasu da goyo. Sai kuma 2005, bayan fari da farar ɗango na 2004, lokacin da likitocin MSF suka buɗe wurin jinyar yara masu tamowa a Keita, mata suna tafiya da ƙafa daga ƙauyuka da yara a baya. An sake shiga wani ƙuncin a 2010 da 2012. Ku lissafa shekarunku. Wanda aka haifa a 2005 ya kai ashirin yanzu. Ku ne. Wasunku a zaune a nan an taɓa ɗaura muku zaren awon damtse ya nuna ja, wato ƙasa da santimita 11 da rabi, aka ba ku biskit ɗin gyaɗar nan na leda kuka farfaɗo. Ku tambayi iyayenku mata yau da dare, za su faɗa muku. Har gobe a Nijar fiye da yara 4 cikin 10 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure, tsayinsu bai kai na shekarunsu ba.

Me ya haɗa wannan da teɓa? A ƙarshen yaƙin duniya na biyu, daga ƙarshen 1944 zuwa farkon 1945, an toshe wa yammacin ƙasar Holand abinci, mutane suka koma cin abin da bai kai rabin rabin buƙatarsu ba. Likitoci sun bi yaran da suke ciki a lokacin har suka girma. Aka ga sun fi sa'o'insu saurin ƙiba, kuma jikinsu bai iya sarrafa sukari da kyau. In kun ce wannan Turai ce, to a 2010 an buga wani binciken a kan 'yan kasuwa fiye da 1,300 a Enugu, aka ware waɗanda aka haifa cikin yunwar yaƙin Biyafara. Su ne suka fi hawan jini, su suka fi sukari a jini, su suka fi nauyi. Bayanin da masana ke bayarwa, tun daga wasu likitocin Ingila biyu, Hales da Barker, a 1992, shi ne jariri a ciki yana jin halin da duniya take ciki ta bakin uwarsa. In abinci kaɗan ke isowa, sai a gina jikinsa da tsimi: tsoka kaɗan, ƙoda ƙarama, gaɓar da ke fitar da insulin ba ta cika ba, kuma duk abin da ya samu ya ɓoye. Wannan jiki ya dace da mai noma da hauya yana shan hura. Ka ɗauke shi ka kai Yamai, ka zaunar da shi a aji ko a shago, ya hau kabu-kabu ko zuwa bakin titi ne, karin safe burodi da mayonez da shayin madara, rana shinkafa da mai, dare fada. Jikin da aka gina don fari ya faɗa cikin sukari. Shi ya sa za ka ga ɗan shekara talatin da biyar, bai ma yi wata ƙiba ta a zo a gani ba, ciki kawai ya ɗan turo, an auna an ce ciwon sukari.

Saboda haka damuwarku da nauyi ba shirme ba ce, kada wani ya ce muku iyayi ne na 'yan boko. Hukumar lafiya ta duniya ta ce a 2022 mutum ɗaya cikin takwas a duniya yana da ƙiba mai cutarwa, kuma ƙasashe irin namu suna ɗauke da kaya biyu a lokaci guda, tamowa a ƙauye, sukari da hawan jini a birni, wani lokaci a gida ɗaya. Amma irin wannan jikin namu, mai ƙarancin tsoka tun asali, shi ne kuma bai kamata a yi ta wasa da shi ba, a rage kilo biyar wata uku a mayar da shida. Duk saukar da aka yi da gaggawa tsoka na tafiya tare da kitse, in nauyin ya dawo kuma kitse ne ya fi dawowa.

Kafin kowa ya saita agogo, ya fara sanin ko yana da abin ragewa. Ga awo mai sauƙi, ko sisi ba ya ci. Ka samu zare, ka auna tsayinka daga ƙafa zuwa ka, ka ninka shi biyu, ka zagaya cikinka daidai saman cibiya. In bakin zaren ya haɗu, kana lafiya ta wannan fuskar. In bai haɗu ba, kitsen ciki ya fara yawa, kuma shi ne mai haɗarin. Mai son lissafi kuma ya raba nauyinsa da tsayinsa sau tsayinsa. Mace mai tsayin mita 1.65, in ba ta kai kilo 50 ba ta rame, daga 68 nauyi ya fara yawa, daga 82 ƙiba ce ta asibiti. Na faɗi wannan ne saboda ku 'yan mata. Ana ja muku igiya ta gefe biyu. A gida gwaggo na cewa kin bushe, wa zai aure ki haka, har a kai ga ƙwayar deksa ta 'yan tebur, wadda ke kumbura fuska, ta tayar da sukari da hawan jini, ta cinye ƙashi. A waya kuma ana nuna miki ƙugu kamar na zanzaro, ana tallar shayin rage teɓa wanda yawanci maganin zawo ne da na fitsari aka sa wa kwali mai kyau. Yarinya mai kilo 52 tana azumin awa 16, tana jiri a aji, jininta dama bai cika ba saboda al'ada da zazzaɓin cizon sauro, me take ragewa?

Akwai waɗanda zan ce musu kai tsaye kada su yi. Mai ciki da mai shayarwa, domin abin da na faɗa a kan Holand da Enugu ta nan yake farawa. Wanda bai kai sha takwas ba, jikinsa bai gama gini ba. Mai ciwon sukari da ke allurar insulin ko shan gilibenkilamid, domin sukarinsa na iya faɗuwa ya suma, wani ma ba ya tashi. Shi sai da likitansa. Mai gyambon ciki, mai ciwon ƙoda, mai maganin da dole sai an ci abinci. Da wanda ya san in ya fara hana kansa ci ba ya iya tsayawa, ko in ya ci sai ya je ya amayar. Wannan ciwo ne mai suna, ana jinyarsa, kuma yana cikinmu ko da ba a faɗa.

Wanda kuma ya auna ya ga zare bai haɗu ba, lafiyarsa ƙalau, yana son ya gwada, to bismilla, amma ga shawarata. Yawancinku safiya kuke yankewa ku ci dare, domin ya fi sauƙi. Jiki kuwa ya fi iya sarrafa sukari da safe. Gara ka karya, ka ci rana, ka ci na ƙarshe da magariba ka rufe. Awa 12 zuwa 14 ma ta isa a fara, ba dole sai 16 ba. Na san matsalar: fada. Ba zan ce ku bar fada ba, ni ma ɗan fada ne, can ake jin labarin gari. Amma yau da dare ku ƙirga ƙwayar sukarin da mai shayi zai jefa a buta daga na fari zuwa na uku, ku raba da yawanku. Ƙwaya ɗaya giram biyar ce zuwa shida. Hukumar lafiya ta duniya ta ce babba kada ya wuce kimanin giram 50 a yini, wato ƙwaya tara ko goma, in ya tsaya a rabin haka ya fi. Gwangwanin Coca-Cola ɗaya giram 35 ne. Wallahi akwai wanda in ya bar lemun kwalba ya rage sukarin shayi rabi, ya yi abin da agogo ba zai yi masa ba a wata shida.

Ku sha ruwa sosai, musamman watan Afrilu da Mayu da zafi ke wuce digiri 40. Wannan ba azumin farilla ba ne, babu wanda ya hana ku. In lokacin ci ya yi, a nemi abin da ke riƙe tsoka: wake, ƙwai, nono, gyaɗa, kifi, ɗan kilishin Madawa in aljihu ya yarda. Dambu da zogale, kwaɗon rama, hurar gero da nono ba tare da an zuba mata sukari ba, waɗannan da kuke jin kunyar ci a gaban abokai a birni, sun fi sandwic ɗin bakin lakkwal nesa ba kusa ba. A kuma yi tafiya da ƙafa, minti talatin a yini, kwana biyar a mako. Ku da kuke hutu yanzu ma ga gona nan, ana noma na biyu, baba zai ba ku hauya kyauta.

Abu biyu nake roƙo kafin ku koma. Duk wanda ya haura talatin, ko aka ce masa an haife shi ƙarami, ko ya yi tamowa yana yaro, ko akwai mai sukari a gidansu, ya je a auna masa sukari da hawan jini, da safe kafin ya ci komai. Ɗigon jini ɗaya ne a yatsa. Na biyu, a gidajenmu na nan, ku duba wa ke ci a ƙarshe. Sau da yawa matar yayanku ce mai ciki wata shida, ta yi daka, ta ɗebo ruwa, ta raba wa maza da yara, ita ta kankare tukunya. Kuɗin megas na mako guda da kuke kallon bidiyon rage teɓa da shi zai saya mata tiyar wake da 'yan ƙwai, kuma ku tabbata tana zuwa awo tana shan ƙwayar ƙarin jini da ake ba su.

Na zo da ƙullin zare, ga shi nan a kan tebur, da almakashi. Maza su auna a nan, mata su shiga ɗakin can. Mai tambaya kuma ya ɗaga hannu, muna da sauran lokaci kafin la'asar.